Sanitaiza ce ke tsaga mini hannu, ko sabulun asibiti?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa. Tun shigowar hunturu bayan hannuna ya yi kaushi, tsakanin yatsu ya tsattsage, wani wurin har da jini. Duk lokacin da na shafa sanitaiza sai in ji kamar an ɗora mini garwashi, don haka na daina, na koma wanke hannu da sabulun ruwan nan mai kuloheksidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kowane lokaci. Amma abin sai gaba yake yi. Wanne ne ke ɓata fata a cikinsu, kuma yaya zan yi tunda aikin ba ya yiwuwa sai da tsabtar hannu?

Amsa: Sista, sannu da aiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Wannan ƙorafin shi muka fi ji daga nas-nas da ungozomomi da ma'aikatan tiyata daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma kusan kowa abin da kika yi shi yake yi: a ji zafin sanitaiza, a ɗora mata laifi, a koma bakin famfo. An gudu ba a tsira ba ke nan. Sanitaizar ta zo ta tarar da hannun a tsage ne, shi ya sa take miki raɗaɗi. Mai tsagawar shi ne yawan wanki da sabulu, kuma sabulun da kika koma wa yana cikin masu ƙarfi.

Abin da ke hana jiki bushewa, ya kuma hana ƙwayoyin cuta shiga, wani ɗan siririn ɓawo ne a can saman fata. A bayan hannu kaurinsa bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na milimita ba. Matattun ƙwayoyin halitta ne jere bisa juna, hawa goma sha biyar ko fiye, an cike tsakaninsu da wani maiƙo da fatar ke haɗawa da kanta. Ki ɗauka ginin tubali ne: ƙwayoyin su ne tubalin, maiƙon shi ne lakar da ta riƙe su. Muddin lakar tana nan, ruwan jiki ba ya zurarewa waje, abin waje kuma ba ya samun hanya. A cikin ƙwayoyin akwai wasu sinadarai masu jan ruwa su riƙe, su ne ke sa fata ta yi laushi ta tanƙwaru ba ta dare ba. Saman fata kuma yana da ɗan tsami, wajen 5 a ma'aunin tsami na pH (in lambar ta yi sama, tsamin ya ragu ke nan), kuma a wannan tsamin ne aikin gina maiƙon ya fi tafiya daidai.

Shi kuwa sabulu, sana'arsa ke nan ya kama maiƙo ya haɗa shi da ruwa su tafi tare, kuma bai san na datti daban, na fatarki daban ba. Kowane wanki yana yafitar kaɗan daga maiƙon, ya wanke sinadaran riƙe ruwa, ya sa ƙwayoyin su kumbura, in sun bushe su motse su bar 'yan kafofi. Sabulun wanka na yau da kullum yana kaiwa 9 zuwa 10 a ma'aunin pH, don haka yakan kau da tsamin fata na tsawon sa'o'i. Fata mai lafiya tana ɗinke wannan ɓarna cikin 'yan kwanaki in an ba ta hutu. To a ɗakin haihuwa ina hutun yake? Kafin ta rufe ɓarnar wankin farko an yi na goma. Ga hunturu, lokacin da danshin iska a Kano ko Damagaram kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, iskar na zuƙe ruwa ta duk kafar da ta samu. In kin tashi daga aiki kuma ga wanke-wanke da wanki da omo suna jira, kuma omo ya fi duk sabulun asibiti cin hannu. Bayan hannu da tsakanin yatsu ne ke fara nunawa saboda fatarsu ta fi ta tafin hannu siranta, kumfa kuma a tsakanin yatsu da ƙarƙashin zobe take maƙalewa.

Sanitaiza ta bi ta wata hanya dabam. Alkohol ɗin da ke cikinta, etanol ko isofurofanol, kashi 60 zuwa 80 cikin 100, yana iya narkar da ɗan maiƙon saman fata, amma ba a ɗauraye shi da ruwa. Cikin daƙiƙa 20 zuwa 30 ya bi iska, maiƙon yana nan a kan hannu bai bi rariya ba. Mai kyau kuma akwai gilisarin a cikinta, wanda ke zama a fata yana jan danshi. An gwada wannan a kan ma'aikata irinki. A shekarar 2000 Dakta John Boyce da abokan aikinsa a Amurka suka sa nas-nas su yi mako biyu suna wanke hannu da sabulun ruwa marar magani, mako biyu kuma suna shafa sanitaiza, ana auna danshin fatarsu da na'ura. A makonnin sabulu bushewa da kaushi suka ƙaru sosai, a makonnin sanitaiza fatar ta zauna kusan yadda take. Ki lura, sabulu ne marar magani, balle mai magani. A Jamus ma, Harald Löffler da Günter Kampf da abokansu sun kwatanta alkohol da sinadarin kumfar da ake sa wa yawancin sabulun ruwa, suka samu alkohol ɗin ya fi shi sauƙi a fata nesa ba kusa ba.

To me ya kawo raɗaɗin? A ƙarƙashin ɓawon nan akwai bakunan jijiyoyi masu ɗauke da wata kafa da ake kira TRPV1, wadda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an taɓa abu mai zafi. Ita ce barkono ke tayarwa a harshe, kuma gano ta na cikin abin da ya ba David Julius kyautar Nobel a 2021. A ƙa'ida ba ta motsi sai zafi ya kai wajen digiri 42. Wani bincike da aka buga a 2002 ya nuna etanol yana sauko da wannan iyaka zuwa wajen digiri 34, wato ɗumin jikinki kansa ya isa ya sa ta ihu. A lafiyayyar fata alkohol ba ya kaiwa ga jijiyoyin, shi ya sa abokiyar aikinki da hannunta bai tsage ba take shafawa ba ta jin komai. A naki hannun ƙofa a buɗe take. Zafin da kike ji na gaske ne, amma ba ƙuna ba ce, kuma ba ya ƙara zurfin tsagar. Yana dai gaya miki cewa fatar ta riga ta lalace. Matsalar ita ce yana kora mutum zuwa famfo, wankin ya ƙara buɗe fatar, in an sake gwada sanitaiza ta fi da zafi, sai a ƙara tabbata cewa ita ce mai laifi.

Sabulun asibiti mai magani kuma abu biyu ne a kwalba ɗaya: sinadarin kumfa da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, kowanne da nasa rabon wajen cin fata. Kuloheksidin, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a farkon shekarun 1950, magani ne nagari. Yana manne wa fata ya ci gaba da aiki na sa'o'i bayan an ɗauraye, dalilin da ya sa ake son sa kafin tiyata ke nan, kuma shi ne dai ake shafa wa cibiyar jarirai. Amma yadda yake fusata fata yana tafiya da ƙarfinsa, kuma mai kashi 4 cikin 100, wanda aka fi ajiyewa a bakin famfon tiyata da ɗakin haihuwa, shi ya fi kawo bushewa da ja idan aka mai da shi sabulun kowane lokaci. An yi shi ne don shirin tiyata da makamantansa, ba don bayan kowane awon jini ko duba kati ba. Jagoran tsabtar hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ya jera masu fusata fata: mai aidin, ruwan ƙasa-ƙasan nan, shi ne a gaba, sai kuloheksidin, sai kuloroksailinol da ke cikin Dettol, sai tirikulosan. Alkohol ne na ƙarshe a jerin.

A gida kuwa, ni ban ga dalilin sayen sabulu mai magani don wanke hannu ba. Stephen Luby da tawagarsa sun raba sabulu ga gidaje a unguwannin talakawa na Karachi a Fakistan, wasu mai magani wasu marar magani, aka buga sakamakon a 2005. Wanke hannu ya rage gudawa da ciwon huhu a yara da kusan rabi, amma tsakanin sabulun biyu babu bambanci. A Satumbar 2016 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa tirikulosan da tirikulokaban da wasu sinadarai 17 a sabulun da ake sayar wa jama'a, saboda kamfanonin sun kasa nuna cewa sun fi sabulu zalla amfani. Ruwan bilic da aka sirka, wato ruwan kulorin, shi ma yana cin hannu. Lokacin Ebola a 2014 an ajiye bokitan ruwan kulorin a ƙofar bankuna da makarantu, kuma har yau wasu wuraren ba su bar al'adar ba. Ƙarfin da aka yarda a sa wa hannu kashi 0.05 ne cikin 100, shi ma don inda babu sabulu ko sanitaiza, na goge ƙasa da gado kuwa 0.5 ne, ninki goma, kuma a wurin aiki sau da yawa akan haɗa da ido ne kawai. Tun 1847 da Ignaz Semmelweis ya tilasta wa likitocin ɗakin haihuwa a Viyana wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwar masu jego ta faɗi warwas, amma cin hannun da ruwan ke yi na cikin abin da ya sa abokan aikinsa suka ƙi jinin tsarin.

Kar ki ɗauki wannan a matsayin maganar kwalliya, ko a bar wani ya ɗauka haka. Binciken Elaine Larson a Amurka ya nuna wajen kashi 25 cikin 100 na nas-nas na da alamun lalacewar fatar hannu a lokacin da aka duba su, kuma hannun da ya tsage ya fi ɗaukar ƙwayoyi irin su Staphylococcus aureus, ya fi wuyar tsabtacewa. Mai ciwon hannu kuma, komai tsoron Allahnta, za ta riƙa tsallake wasu wankin. A asibitin jami'ar Geneva da ke Suwizalan, Didier Pittet ya sa aka ajiye sanitaiza a gefen kowane gado da aljihun ma'aikata, bin ƙa'idar tsabtar hannu ya tashi daga kashi 48 zuwa 66 cikin 100 tsakanin 1994 da 1997, cututtukan da ake ɗauka a asibiti kuma suka sauka daga kashi 16.9 cikin 100 a 1994 zuwa 9.9 a 1998. Ke kanki kina cikin haɗari: hannu mai tsaga a ɗakin da jini ke zuba hanya ce ga ciwon hanta nau'in B da zazzaɓin Lassa idan safar hannu ta huje. In ba ki kammala allurar rigakafin ciwon hanta ba, ki kammala.

Akwai inda wanki ya zama dole, kuma a nan sanitaiza ba ta tsaya a madadinsa: in hannu ya taɓa jini ko ruwan haihuwa ko wani datti da ido ke gani, bayan fitowa daga bayan gida, da bayan kula da mai gudawa, domin akwai ƙwayoyin gudawa da alkohol ba ya iya musu. A irin wannan ki yi amfani da sabulun ruwa marar magani, marar turare, da ruwan da ba mai zafi ba, daƙiƙa 40 zuwa 60. Ki ɗauraye sosai, musamman tsakanin yatsu, ki tsane da tishu ta hanyar dannawa, ban da gurzawa. Duk sauran lokutan na sanitaiza ne. A wuni guda wannan kaɗai zai rage yawan wankinki ƙwarai. Kuma kar ki haɗa biyun a jere, a wanke sannan a bi da sanitaiza don a ƙara tabbatarwa. Ba ya ƙara tsabta, fata mai jiƙe kuma ta fi barin alkohol ya shiga ya yi zafi. In za ki shiga tiyata, ki bar burushi. An daina ba da shawarar gurza hannu da shi, tsinken cire dattin farce ya wadatar.

Sai dai ba kowace kwalba da aka rubuta sanitaiza a jikinta ce nake karewa ba. Lokacin korona kasuwa ta cika da haɗe-haɗe, wasu sifirit ne zalla da kala da turare. Sifirit ɗin goge wurin allura babu gilisarin a cikinsa, in kika mai da shi abin shafa hannu zai busar da ke. Wasu ma an samu metanol a cikinsu, wanda guba ne, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2020. Ki duba lambar NAFDAC, ki duba ƙarfin alkohol ɗin, ki duba akwai gilisarin. Sashen magunguna na asibitinku ma zai iya haɗa ta Hukumar Lafiya ta Duniya: a lita 10, etanol mai ƙarfin kashi 96 mililita 8,333, haidirojin feroksaid mai kashi 3 mililita 417, gilisarin mililita 145, a cike da ruwan da aka tafasa ya huce, a ajiye sa'o'i 72 kafin a raba. Feroksaid ɗin don tsabtace ruwan maganin da kwalbar aka sa shi, ba don hannu ba. Masu shakka saboda sunan barasa kuma, majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka cikin Janairun 2002, ta halatta amfani da alkohol wajen tsabtace rauni da kashe ƙwayoyin cuta a wajen jiki, kuma da sanitaiza ake aiki a asibitocin Saudiyya.

Yanzu gyaran hannun naki. Tunda har akwai jini, ki nemi shugabar sashenku ta ɗauke ki daga karɓar haihuwa na 'yan kwanaki, ko ki fara gyaran a ranakun hutunki. Tsaga mai zurfi a rufe ta da filasta marar shan ruwa. Da dare ki shafa basilin ko man kaɗanya marar turare da kauri, hannun na da ɗan danshi, ki sa safar auduga ki kwana da ita. Bayan alwala ma ki tsane hannu ki shafa mai, kar ki bar iskar hunturu ta busar miki da shi. A wurin aiki ki riƙe ɗan man shafawa mai ruwa-ruwa, marar turare, a bututu naki na kanki, ki shafa lokacin hutu da lokacin tashi. Gwangwani buɗaɗɗe da kowa ke tsoma yatsa matattarar ƙwayoyi ne. Basilin da sauran mai masu maiƙo suna raunana safar roba ta latas, don haka ki bar su sai an tashi. Kar ki sa safar hannu sai hannun ya bushe ƙarau, kuma ki cire ta da zarar aikin ya ƙare, domin gumin da ke taruwa a ciki yana jiƙa fata kamar wanki. Safa mai hoda ta fi cutarwa, Amurka ma ta haramta ta tun farkon 2017. A gida a samu mai kama miki wanki, ko ki sa safar roba mai auduga a ciki. Idan kika koma wa sanitaiza za ta yi zafi na 'yan kwanaki, zafin na raguwa gwargwadon yadda fatar ke rufewa. Ki daure. Kaushin zai lafa da wuri, amma fatar kan ɗauki makonni kafin ƙarfinta ya dawo, don haka kar ki saki mai don kin ga ta yi sumul.

Abu ɗaya da nake roƙon ki, don na san ma'aikatan lafiya da son yi wa kansu magani: ki guji man nan na kemis mai haɗi uku, da duk wani man bilicin. Akwai sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, a cikin yawancinsu. Kwana biyu za ki ga ja da ƙaiƙayi sun kwanta, in aka daɗe ana shafawa kuma fatar ta sirance ta fi saurin darewa. Akwai wurin da sitiroyid ke da amfani a wannan ciwo, amma likita ne zai zaɓi ƙarfinsa, na mako ɗaya ko biyu, a tsaya.

Duk abin da na faɗa ya shafi lalacewar fata ta yawan wanki, wadda ita ce mafi yawa. Akwai kuma wadda jiki ne ya ƙi wani sinadari, kuma wannan mai ba ya warkar da ita. Alamarta ƙaiƙayi ya fi raɗaɗi yawa, ga ƙananan ƙuraje masu ruwa, abin ya haura wuyan hannu daidai inda safa ta tsaya, ko ya bayyana a fuska da fatar ido. Alkohol da wuya ya zama sanadi. An fi samun turare, ko sinadaran hana sabulu lalacewa, ko waɗanda ake haɗa robar safar hannu da su. A wajenmu nakan tambayi mata ko sun yi ƙunshin dayis, domin baƙin rinin da ke cikinsa yana daga cikin manyan masu jawo wannan, lalle na ganye kuwa da wuya ya yi. In kin bi tsarin nan mako uku zuwa huɗu babu sauƙi, ko kin ga waɗannan alamu, ko wurin ya fara ruwa da mugunya, ki je asibitin fata. Akwai gwajin da ake manna sinadarai a baya na sa'o'i 48 a ga wanda jiki ya ƙi. Ki tafi da kwalaben duk abin da kike amfani da shi da samfurin safar hannunku.

In kuwa cikin 'yan mintoci da taɓa kuloheksidin ko sa safar latas kika ga borin jini, leɓe ko ido ya kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, wannan na gaggawa ne. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan kuloheksidin a Fabrairun 2017. Ki daina taɓa shi nan take, a rubuta a katinki, kuma ki sanar da duk likitan da zai yi miki aiki ko likitan haƙori, domin ana samun sa a maganin kurkure baki da ruwan goge fata kafin tiyata.